Shirin Suna a Gidan Iya

A gidan da na tashi, cikin birnin Zariya, ba a yi wa mace barka da ciki. Kowa ya gani, kowa ya sani, amma ba mai buɗe baki ya faɗa. Iyakaci ka ji manya suna cewa wance ba ta jin daɗi kwanan nan, in tafiya ta yi nisa a ce ta yi nauyi, a bi da "Allah ya raba lafiya," a kama wani zance. Ita kuwa mai cikin, balle in na fari ne, da mayafi take yini ko a tsakar gida. Maganar a ɗinka wa jariri riga tun bai zo duniya ba ma ba ta tasowa. Kakarmu ta wajen uba, wadda yaro da babba ke kira Iya, 'ya'yan da ta binne sun fi waɗanda ta raya, don haka ba ta wasa da abin da ke ciki. Akwai kunya a lamarin, akwai tsoron bakin mutane, amma babban dalili mutuwa ce. A lungunmu kaɗai akwai mata masu wabi, waɗanda in sun haihu ake sa wa yaran laƙabi irin su Ajuji ko Ayashe, wai a nuna ba a damu da su ba, ko sa tsaya.

Sai dai wanda ya ɗauka shirun nan rashin shiri ne bai san Iya ba. Tun ciki na wata biyar take fara tanadi, ba tare da ta ambaci wanda ake yi wa ba. Yau ta aika a auno gero, ta ce ta ji ya yi araha. Gobe ta sa a sayo kanwa ungurnu. Jibi ka ga ta shanya citta da masoro da kanumfari da kimba, ta tara 'yan mata su daka mata yaji har gida ya ɗauki atishawa. Tsofaffin zannuwanta da suka sha wanki suka yi laushi, ta sa a sake wanke su, ta yayyaga, ta ninke, ta cusa a ƙasan adudu. Su ne kayan jariri na makon farko, kuma har yau ban taɓa ƙyalle mai taushinsu a kanti ba. Babbar tukunyar wanka da ke kife a bayan ɗaki, ita ma a jawo ta a ƙwanƙwasa, a ji ko ta tsage.

Sunan da ya fi zauna mini a rai shi ne na 'yar farin babbar yayarmu, a 1973, shekarar da aka canja kuɗi. Ina firamare a lokacin, ƙafata ba ta gajiya, matan gidan kuma duk suna kulle, sai na zama 'yar aike, kusan komai a kan idona aka yi. Da cikin Yaya ya shiga wata bakwai, Baba ya tura ƙaninsa neman izinin ta zo goyon ciki. Wurin mahaifin mijin aka tura shi, ba wurin mijin ba, duk da kowa ya san amsar da za a bayar. Bayan kwana biyu Goggo ta je da magariba ta taho da ita a lulluɓe, aka share mata ɗakin da ke kusa da na Iya.

Daga nan kowa ya san nasa, ba a zauna taro ba, ba a rubuta takarda ba. Itacen wanka na miji ne, kuma ranar da jakai suka jibge shi a ƙofar gida, ita ce kaɗai sanarwar da unguwa ke samu cewa an kusa. Rago nasa ne, goro nasa ne, haka kauri da kayan fitar suna na maijego da wani abu na cefane. Ungozoma da wanka da girki da karɓar baƙi kuwa na gidan mace ne. Mutum ɗaya ce ba a ɗora wa komai ba, ita ce mai haihuwar.

Ta sauka ranar Alhamis da hantsi, aka sami mace. Ungozoma ba ta gama wanke hannu ba Iya ta kira ni, ta ba ni saƙo, ta sa na maimaita mata shi har ta gamsu. Saƙon ba shi da wuya: wai Iya tana gaishe ku, wai a gaya muku an sauka lafiya. Abin da ke da wuya shi ne jerin gidajen. Gidan iyayen miji ne farko, ko da kuwa ya fi nisa, kuma ba a yarda in tsaya a ko'ina a hanya ba. Sai gidajen goggonni, babba kafin ƙarama, sai na kawunnai da innoni, sannan ƙawayen Inna. Goggon da ta ji labarin haihuwa a bakin mai tallar fura kafin ɗan aike ya iso mata, za ta zo suna, za ta yi dariya da kowa, amma maganar sai ta fito a wani bikin bayan shekara goma. Ni dai abin da ya dame ni tukwici ne. In na yi sallama na ce "Albishirinku," su ce "Goro," in ce "Fari ko ja?" su ce "Fari ƙal," sai in saki labari, a damƙa mini kwabo ko sisi. Ranar na koma gida bakin zanena a ƙulle tam.

Mako guda ana shigowa barka. Ita ma tana da nata ladabin, wanda ba a koya wa kowa da baki, gani ake yi a ɗauka. Za ki ce "Barka da arziki," a ce "Barkanmu dai," ki karɓi jaririya ki ce "Tubarkalla, Allah ya raya," ki miƙa ta. Ba a yaba girman jariri ko kyansa, ba a tambayar sunan da aka yi masa huɗuba da shi, ba a daɗewa a ɗakin maijego. Kakanni ne kaɗai ke da bakin magana, su kuma kushe suke yi. Uwar mijin Yaya da ta zo, ta leƙa fuskar yarinyar ta taɓe baki, ta ce wannan kishiyar ba ta tayar mata da hankali ba, da wannan hancin ba mai ƙwace mata miji. Ɗaki ya kwashe da dariya, ban da Yaya da ta juya fuska bango. Kunyar 'yar fari ta sa ko nono sai Goggo ta yi mata tsawa take bayarwa in da mutane. Angon ƙarni kuwa sai dare ya yi yake zuwa, shi da abokinsa, su tsaya a zaure, a kai musu jaririyar su gani a hasken fitilar ƙwai, ya bar abin da ya kawo ya sulale kafin ya yi karo da Baba.

Aikin maijego huɗu ne, wanka da ci da shayarwa da barci. Tun kafin kiran assalatu ake hura wuta a ƙarƙashin tukunyar nan, ruwa ya tafasa, Goggo ta tsoma ganyen darbejiya ko na tsamiya ta riƙa fyaɗa mata a jiki, da yamma a sake. Ta fito ta tarar da kunun kanwa mai zafi da gasasshen nama ya sha yaji, ta koma kan gadon ƙasa da aka zuba wa garwashi a ƙarƙashi. A nan kam ba zan goyi bayan tsofaffinmu a kan komai ba. A shekarun nan na 1970, likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda yake Tudun Wada a lokacin, cikinsu har da Farfesa Eldryd Parry, sun lura da yawan masu jegon da ake kawo musu da kumburi da haki, zuciya ta gaza. Bincikensu ya danganta abin da yawan kanwa, wadda gishirinta ke tara ruwa a jiki, da kuma tsananin zafin wanka da na gado. Mu a unguwa cewa ake yi sanyi ne ya shige ta, a ƙara mata wuta. Da 'ya'yana suka zo haihuwa, ruwa mai ɗumi na ba su, kanwa kuwa ɗan abin da zai ba kunu launi. Amma hutun kwana arba'in ɗin, da hannun da ke karɓar jariri da tsakar dare don uwa ta runtsa, waɗannan ban rage ko ɗaya ba.

A kwana na huɗu mijin Yaya ya aiko da kauri, ƙafafun sa da kai, aka kwana ana dafawa da kayan yaji har ƙashi ya saki. Maijego aka fara ɗibar wa, sauran aka zuzzuba a langa-langa, na sake zaga gidajen nan da na kai albishir, a jerin da na bi da farko.

Jajibirin suna shi ne ranar da gida ke juyewa. Dangin miji suka kawo goro, ana ƙirga shi da ƙwarya, kowace ƙwarya goro ɗari. Shi ne katin gayyata. Maza suka ɗauki nasu suka bi zauruka da masallatai da kasuwa, biyu ga wannan, biyar ga wancan, dattijo a ƙulle masa nasa daban, kowa a ce masa "Gobe suna a gidan Malam, bayan asuba." Wanda ya karɓi goro ya ɗauki nauyin zuwa. Cikin gida kuwa aro ake yi. Babu gidan da ya mallaki tukwane da tabarmi da akussan da za su ishi suna, sai a bi maƙwabta, kowace mace ta san kayanta da wata alama da ta yi musu, ɗigon fenti ko zare a hannun murfi. Maƙwabciyarmu ta jikin katanga ta share tsakar gidanta da ɗakuna biyu, don a nan za a sauke dangin miji, kada su zauna inda ake hayaƙi, kada kuma su ji abin da dangin mace ke faɗa a kansu.

Yadda Iya ke auna abinci ya daɗe yana ba ni mamaki, domin ba wanda ya san adadin masu zuwa, kuma ba a taɓa cewa wance kada ta taho da 'ya'yanta ko kishiyarta. Gidaje take ƙirgawa, ba mutane ba. Kowane gidan da aka kai wa kauri tana yi masa kwano biyu, ɗaya na waɗanda za su zo, ɗaya na aika wa waɗanda suka tsaya tsaron gida. Sannan ta ware tukunya guda ta almajirai da masu wucewa, wadda ba a taɓa ta ko da abinci ya yanke wa baƙi. Daren nan ba a barci. 'Yan mata na lugude a turmi, ƙullun waina na tashi a manyan ƙore, ana yanka kabewa da alayyafo na miyar taushe, wata tsohuwa ta zauna gaban tanda tun tsakar dare. A ɗaki kuma ana yi wa Yaya kitso, ƙafafunta a ƙunshe cikin lalle.

Taron maza ba ya daɗewa. Da yake haihuwar fari ce, a ƙofar gidanmu aka raɗa. Aka idar da asuba, aka shimfiɗa tabarmi, liman ya yi addu'a, aka yanka rago ɗaya, kamar yadda malamanmu na Malikiyya suka ce ya isa ko mace ce ko namiji. Sanƙira ya ɗaga murya ya faɗi suna, aka shafa fatiha, guɗa ta tashi daga cikin gida. Kafin rana ta yi zafi kowa ya kama gabansa, sai wanzami da ya shigo ya yi aski, da mahauci da ya banƙare ragon ya jingina shi gefen wuta. Sunan uwar miji aka mayar, wanda ke nufin Yaya ba za ta taɓa furta shi ba, mijinta ma haka. Kafin azahar an sami mafita, dangin uba suna kiran yarinyar Uwani, mu kuma muna ce mata Lami saboda ranar da ta zo.

Sunan gaske, in ka tambayi mata, bayan azahar yake farawa. Yaya ta fito cikin atamfa 'yar Kaduna, domin a lokacin masaƙun Kaduna suna aiki ba dare ba rana tun da aka buɗe ta farko a 1957, sai can wajen la'asar ta sauya zuwa 'yar Holan ɗin da mijin ya yi ƙoƙari ya sa a kayan fitar suna. Aka zaunar da ita a tsakiyar ƙawayenta, ba ta magana, ba ta tashi tarar kowa. Babbar ƙawarta ce ke gefenta da faifai, ita ce bakinta, ita ce hannunta. Duk wadda ta shigo da abu, wurin ƙawar take miƙawa, ita kuma ta ɗaga ta faɗa da ƙarfi: ga wance ta kawo sabulu sanda biyu da zanen goyo, ga wance ta kawo turmi, ga wance ta yi biki da sule goma.

Bikin nan shi ne ƙashin bayan taron, kuma shi ne abin da 'yan yanzu suka fi kasa ganewa. Ba kyauta ba ce irin wadda ake bayarwa a manta. In na kawo miki sule biyar ranar sunanki, ranar nawa za ki kawo goma, in naki ya sake zagayowa in kawo fam guda. Haka za a yi ta ninkawa har ya yi wa ɗaya nauyi, sai a daidaita a koma ƙasa a sake farawa. Mace ba ta ƙulla biki da kowa, tana zaɓen wadda ta san za ta iya ramawa, kuma wadda take so su daɗe tare. Baba ta Karo, tsohuwar nan ta ƙasar Zazzau da Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta aka buga a 1954, ta yi zancen ƙawaye da biki tun na zamanin kafin zuwan Turawa, kuma da na karanta littafin bayan na girma, ban ga abin da ya bambanta da na tsakar gidanmu ba sai irin kuɗin. Asusu ne na matan da ba su taɓa shiga banki ba, kina zubawa a gidajen mutane shekara da shekaru, ranar da kika haihu ya dawo miki a yini ɗaya.

Iya ba ta yi karatun boko ba, amma tana riƙe da lissafin bikin Inna da na Goggo da na matan ƙannen Baba duk a ka, har da wanda aka yi tun kafin a haife ni. Shekarar 1973 ce ta fara rikita ta, don tun watan Janairu naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule. Sule ya zama kwabo goma, fam ya zama naira biyu. Wata ta miƙo naira ɗaya tana taƙama da sabuwar takarda, Iya ta tsayar da ƙawar, ta ce a gaya mata da kuɗin mutane. Aka ce sule goma ne. Ta ce to, fam guda ake bin ta, a rubuta saura. A ranar aka fara rubutawa a gidanmu, ni aka ba fensir da littafin makaranta na zauna kusa da faifai, kuma har Iya ta rasu, layi biyu nake ja mata, ɗaya na naira, ɗaya na sule.

Kuɗin da aka tara na maijego ne, miji ba shi da ko kwabo a ciki. Daga ciki ake sallamar ungozoma da masu kiɗa da tsohuwar da ta kwana a gaban tanda. Abin da ya rage Yaya ta sayi tunkiya aka kai ƙauye kiwo da sunan yarinyar, ta kuma ƙara jarin ƙuli-ƙulinta. Ba zan ce tsarin ba shi da ƙaya ba. Na ga matar da ta ɗauki tasa daga jeren ɗakinta ta ba dillaliya a ɓoye don kada a kira sunanta a faifai da abin da bai kai ba, na kuma ji habaicin da ake yi wa wadda ta gaza, a cikin waƙa, a gaban kowa.

Waƙar kuwa ta kiɗan ƙwarya ce. A kife ƙore, wata a kan ruwa cikin babban baho, matan unguwa su zauna su kama, zabiya ta riƙa zuga dangi ɗaya bayan ɗaya ana liƙa mata. A wancan zamanin masu hali su ke ɗauko irin su Barmani Choge daga Funtuwa. Mu namu na lungu ne, kuma sun ishe mu, don na ga Goggo, wadda ko dariyarta ba a cika ji ba, ta ɗaure gyale a ƙugu ta shiga fili. Baba ba ya son kiɗan, amma bai taɓa hanawa ba, sai ya ɗauki buzunsa ya koma masallaci har isha. Daga ƙarshen shekarun 1970 wa'azi ya yi ƙarfi a kan irin wannan, gidaje da yawa suka koma walima, a kira malama ta yi nasiha a watse kafin magariba.

Littafin nan na biki ne ya faɗo mini a rai kwanakin baya, da aka gayyace ni abin da 'yan mata ke kira bebi shawa, na 'yar ƙanwata a Abuja. Na je ne don kada a ce ban je ba. Ga balan-balan, ga kek, ga yarinya da ciki wata takwas an zaunar da ita a kujera mai ado, ƙawaye na auna cikin da zare suna canka faɗinsa. Tsigar jikina ta tashi, na yi ta karanta abin da na iya a zuci. Amma da aka zo buɗe kaya, sai na ga wata ta zauna gefenta da biro tana rubuta wance ta kawo kaza. Ashe su ma suna da mai faifai.

Wata 'yata da ta zauna a Amurka ta warware mini yadda abin yake a inda ya fito. Ya yaɗu ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a shekarun da aka yi ta haihuwa a can. Ana yin sa saura wata ɗaya ko biyu a haihu, kuma a tsohuwar ƙa'idarsu mai ciki ba ta shirya wa kanta, uwarta ko 'yar'uwarta ma ba su cika yi ba, don kada ya zama roƙo. Ƙawa ce ke ɗaukar nauyi, a gidanta, da kuɗinta. Ana aika gayyata da makonni, kowa ya faɗa ko zai zo, a san kujeru nawa za a jera. Mai cikin takan rubuta abubuwan da take buƙata a wani kanti, kowa ya zaɓi wanda ya iya, kada mutum biyar su kawo baho biyar. Awa biyu ko uku an tashi, bayan nan ta bi kowa da katin godiya da ta ambaci abin da ya kawo. Da can ma ɗan fari kaɗai ake yi wa. Dalilin yin sa kafin haihuwa kuma a fili yake: mace za ta baro asibiti bayan kwana ɗaya ko biyu ta koma gidan da daga ita sai mijinta, doka ta ce sai da kujerar jariri za a sa shi a mota, dokar tarayyarsu ta 1993 kuma mako goma sha biyu ta ba ma'aikaciya, shi ma ba albashi, ba kuma kowa ya cancanta ba. Wadda ba ta da Iya, dole kayanta su riga jaririnta isowa. 'Yar tawa ta ce mini ko a can akwai Yahudawa da yawa da ba sa yi, ba sa ma shigo da kayan jariri gida sai ya zo, saboda irin tsoron da tsofaffinmu ke ji.

Da na ji haka sai na sassauta. Yaran nan namu na Abuja da Legas, zaman da suke yi ya fi kusa da na can fiye da na lungunmu. Bene ne, maƙwabci bai san sunanki ba, uwa tana Zariya, goyon ciki kuma aiki bai bari. In ƙawaye sun taru sun haɗa mata gadon jariri da kayan sawa, sun yi abin kirki. Abin da ban yarda da shi ba shi ne wanda na gano daga baya, wai ita mai cikin ce ta kama wurin, ta biya mai hoto da mai kwalliya, ta yi mako tana zirga-zirga a mota da kumburarrun ƙafafu, ga kuma suna na nan tafe da nasa kashe kuɗin. Wannan bai bi ƙa'idar Amurkawa ba, bai bi ta Iya ba. Na faɗa wa uwarta, ita kuma ta ce in faɗa wa 'yar da kaina, tunda ni ce mai bakin.

A koma kan Yaya. Washegarin suna aka sauke rago daga wuta aka yi rabo. A gidanmu kai da fata na ungozoma ne, wuya na mahauci, wanzami da liman kowa da nasa, cinya guda a kai gidan iyayen miji, a ajiye wa maijego abin da za ta riƙa ci da yaji. Sauran a yanyanka ƙanana, ko tsoka ɗaya ce sai ta shiga kowane gida da aka ci goro. Sai mayar da kayan aro, wanda shi ma ni ce mai yi, kuma ba a mayar da tukunya haka nan, sai an jefa 'yar waina ko ɗan nama ko goro biyu a ciki.

Yaya ta ci gaba da wanka har ta cika arba'in, sannan ta yi kwalliya ta goya Lami, na riƙe mata jaka, muka shiga yawon arba'in gida-gida, ana ba jaririya kwabbai da sabulu da ƙwai. Bayan nan aka shirya komawa. Aka yi gara, buhun shinkafa da gero da man shanu da manja, fantekoki cike da alkaki da nakiya da dubulan, 'yan mata suka ɗauka a ka, Goggo na gaba. Dangin miji sukan duba gara, amma abin da suka fi dubawa ita ce maijegon kanta, domin in ta koma a rame, gidan ubanta ne ya ji kunya. Yaya ta koma har wuyanta ya yi guru, zoben aurenta ba ya shiga. Uwar mijin ta dube ta sama da ƙasa, ta karɓi kishiyarta ta goya, washegari ta aiko wa Iya da ƙwaryar goro da turmin atamfa.